Farin Ƙyalle a Hanyar Bawku

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, har sunayen jikokina wani lokaci sai na lalubo. Amma ranar da na kashe mota a Kuka-Biyu na zare makulli, maigidana yana zaune a gefena, wannan ranar kam ba inda ta je. Tun da kun ce in ba ku labarin kafin motar Bimbila ta cika, to ku matso. Kai mai jar hula, rage muryar rediyon nan, ba zan yi gasar magana da akwati ba.

Sunana Isaka, ko da yake a tashar nan ta Yendi Baba Direba kawai kuka sani. A zangon Salaga aka haife ni. Kakana falke ne, goro ya biyo ya zo ya zauna. Tun Turawa suna mulki na kama aiki a gidan Alhaji Salifu mai goro. Na fara da lodi, na zama meti, wato mataimakin direba, har na samu lasin aka ba ni mota. Kada ku ɗauka wani babban kamfani ne. Lori uku ne masu bodin katako, da rumfar goro a bakin kasuwa, sai zauren Alhaji, wanda shi ne ofishinmu. Ba manaja, ba doka a rubuce. Abin da maigida ya faɗa a zaure shi ne doka.

Aikin kuwa ga yadda yake. Goro yana zuwa daga kudu, a Salaga a sake ɗaure shi huhu-huhu cikin ɗanyen ganye, a yayyafa masa ruwa. Mu ɗauka mu kai Yendi mu kwana, gari ya waye mu bi ta Gushegu, mu gangara dutsen Nakpanduri, mu shiga Bawku. A dawowa mu ɗauko albasa da wake. Goro ba ya son zafi, ba ya son jira, kuma kasuwar Bawku ba kullum take ci ba, in ka kuskure ta sai ka zauna jiran ta gaba kayanka suna laushi. Ga kuma shinge. A lokacin hanyar ba kwalta, jar ƙasa ce, in an yi ruwa mai ƙarfi ma'aikatan hanya sukan rufe shinge su hana manyan motoci wucewa har ƙasa ta tsane. Ko kai ɗan wane ne, sai ka jira.

Tsakanin Yendi da Gushegu akwai wani kwari mai laka, kusa da wani ƙauye na manoman doya. Mu direbobi muna ce masa Kuka-Biyu, saboda itatuwan kuka biyu da ke bakin hanya. A nan motar Alhaji Salifu ta farko ta nutse har ciki, shi kansa yana cikinta, ni ina meti. Mutanen ƙauyen ba Musulmi ba ne, Hausa ma kaɗan suke ji, ba su san ko wane ne Alhaji Salifu ba. Suka fito maza da mata, suka sauke huhunan goro suka tsallakar da su a ka, suka sare rassa suka shimfiɗa, suka sa kafaɗa har mota ta fita. Alhaji ya sa hannu a aljihu, dattijon ƙauyen ya girgiza kai. Abu ɗaya ya roƙa. Ya ce asibiti ya yi musu nisa, mai ciwo a ka suke ɗaukarsa, kuma yawanci a hanya yake cikawa. In sun ɗaga alama, mota ta tsaya.

Alhaji ya fasa goro, ya ba dattijon rabi, ya ci rabi. Tafiya ta gaba ya aiko da akoko, farin yadin nan mai araha, aka yayyaga aka raba wa Kuka-Biyu da sauran ƙauyukan da suke fitar da mu daga laka. Daga nan ya zama ƙa'idar gidan. In ka hango farin ƙyalle a kan sandar gora a bakin hanya, ko me ka ɗauko, ka tsaya, ka ɗauki mai ciwo ka kai shi asibiti mafi kusa, ba ka karɓar komai. Duk sabon direba da bakinsa Alhaji yake gaya masa. Kuma ya hana a kira abin sadaka. Na taɓa ce masa, "Alhaji, Allah ya ba da ladan wannan sadaka." Ya harare ni ya ce, "Wace sadaka? Isaka, hanyar nan ta cikin gonakinsu ta ratsa, kafaɗarsu ce take fitar da tayarmu. Haƙƙin hanya ne, ba alfarma muke yi musu ba."

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa, gida ya koma hannun babban ɗansa Mumuni. A nan ina so ku fahimce ni, don in na ce muku Mumuni mugu ne na yi ƙarya, kuma na tsufa da yi wa mamaci ƙarya. Mumuni yana da kyauta. Ranar Juma'a ƙofar gidansa cike take, malamai ba sa fita hannu banza, shi ya yi wa masallacin unguwarmu rufin kwano. Sai dai na lura da abu ɗaya, alherin Mumuni iyakarsa inda ake kiran sunansa. A Salaga kowa ya san ɗan wane ne, in ya bayar an gani, in ya hana an gani. A Kuka-Biyu kuwa ba mai cewa Allah ya saka wa Mumuni. Su mota suka sani da direbanta.

Shi ma yana da tasa hujjar. Wani direbanmu, ba zan faɗi sunansa ba don 'ya'yansa suna nan da rai, ya mayar da ƙyalle hanyar cin abinci. Sai ya bi ƙauyuka yana kwasar fasinja da kaji na aljihunsa, ya makara, in an tambaye shi ya ce ƙyalle ya gani. Da Mumuni ya gano, maimakon ya kori mutum ɗaya sai ya kori al'adar gaba ɗaya. Ya tara mu a zaure ya ce, "Daga yau ba tsayawa. Ni ba gwamnati ba ne, motata ba motar asibiti ba ce. Haƙƙin Allah ina fitarwa a nan, kowa shaida ne. Wanda ya tsaya wa ƙyalle ya ajiye mini makullina."

Na ce, "Maigida, Alhaji fa ya ci goro da mutanen nan."

Ya ce, "Baba Isaka, Alhaji ne ya ci, ba ni ba."

Baba yake ce mini don a gabana ya girma, na sha ɗora shi a cinya yana wasa da sitiyari. Ni dai ban ce to ba. Ku riƙe wannan, don daga baya ya ce na saɓa alkawari, ni kuwa ban ɗauki wani alkawari ba.

Allah ya sa tun daga lokacin ban ci karo da ƙyalle ba sai ranar da nake ba ku labarinta. Farkon damina ne, saura kaɗan babbar salla. Kasuwar Bawku ta kafin salla ita ce kasuwar shekara ga mai goro, don fataken Mosi suna tsallako iyaka daga ƙasarsu da Faransa ta mulka su kwashe kaya su koma, in ka rasa su sai ka sayar yadda aka taya. Mun yi lodin da ban taɓa ɗaukar irinsa ba, shi ya sa Mumuni ya ce da shi za a je, da kansa zai sayar. Ya zauna gaba kusa da ni, cikin babbar riga fara sol. A saman kaya ga fasinja, yawancinsu mata 'yan kasuwa, uwarsu Magajiya Azumi, wata mai goro 'yar Yendi wadda bakinta ba ya hutawa. Ita ma tana da nata huhunan a cikin lodin.

Muka bar Yendi da hantsi. Ba mu yi nisa ba muka yi kiciɓis da wata motar gidanmu tana dawowa daga Bawku da albasa, Amadu Dogo ke tuƙi. Ya ɗaga wa maigida hannu, ni kuwa bai yarda mun haɗa ido ba. Na ce a raina, wannan dogon me ya aikata? Sai da rana ta take, muka gangara kwarin Kuka-Biyu, sannan na gane. Ga gora, ga farin ƙyalle, ga mutane a gindin kuka. Wata mata ce take riƙe da gorar a bakin hanya.

Mumuni ya gani kamar yadda na gani. Ya ce, "Wuce."

Na ɗage ƙafa daga totur.

Ya ce, "Baba Isaka, cewa na yi ka wuce."

Na taka birki, na kashe mota, na zare makulli na jefa a aljihu. Wallahi ba zan ce muku ban ji tsoro ba. Ina da mata da 'ya'ya, ba ni da gona, ba ni da wata sana'a sai wannan sitiyarin. Amma raina ya riga ya ɓaci, fushin ya fi tsoron yawa. Na sauka.

Mutumin yana kwance a kan wani ƙyaure da suka ciro suka ɗauko shi a kai. Sunansa Wumbe, na san shi sarai, yana cikin ƙarfafan da suke sa kafaɗa a bodin motata duk damina. Kububuwa ce ta sare shi a gona tun jiya. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini yana tsattsafowa daga dasashinsa. Wanda ya san wannan macijin ya san in jini ya fara fita ta baki, maganin gida ya gama nasa, sai allurar asibiti, ita ma in an yi sauri. Asibiti mafi kusa kuwa Yendi ne, inda muka baro. Ba maganar a ɗauke shi a ci gaba ba ce, juyawa za a yi. Ga hadari yana haɗuwa ta gabas. In muka koma Yendi ruwa ya sauka, shinge zai rufe mu a can, kasuwar salla ta tafi ke nan.

Mai riƙe da gorar matarsa ce. Ta ce mini da 'yar Hausarta, "Direba, motarku ya wuce da safe. Na ɗaga, na ɗaga. Bai tsaya ba." Ba kuka take yi ba. Tun safe ba ta ajiye gorar nan ba.

Na koma wurin Mumuni na tsaya ta tagar motar. Na ce, "Maigida, maciji ne. Sai Yendi."

Ya ce, "Ka san abin da ke cikin motar nan? Ka ga hadarin can? Hau ka tada mota."

Na ce, "Zan tada."

"To tada mana!"

Na ce, "Da sharaɗi ɗaya. Ka sauko, ka je gaban matar can, ka gaya mata da bakinka cewa ba za mu ɗauki mijinta ba. Kana faɗa ina tadawa, ko waiwaye ba zan yi ba."

Ya ce, "Kai ne direba, kai za ka gaya mata."

Na ce, "A'a, Maigida. Shekara da shekaru fuskata mutanen nan suke gani. Mota ta tsaya, Isaka ne. Mota ta wuce, Isaka ne. Kai kana zaure a Salaga ka yanke magana, mu ne muke haɗa ido da mutane a hanya. To yau Allah ya kawo ka. Dokarka ce, sauko ka faɗa musu ita."

Ban san yadda zan yi ba da a ce ya faɗa, wannan gaskiya ce. Ran Wumbe na ɗora a kan abin da nake zato game da yaron da na goya.

Sai ga muryar Magajiya Azumi daga saman kaya. "Kai Isaka, ka haukace ne? Gorona zai dahu a ranar nan! Wa ya naɗa ka likita?" Da ta ga ban kula ta ba sai ta juya kan maigida. "Haba ɗan Alhaji, sauka ka faɗa mata mu tafi mana, ai magana ɗaya ce!" Baiwar Allah, ba ta san aikina take yi mini ba.

Mumuni ya buɗe ƙofa da ƙarfi ya sauko, yana tattare gefen riga saboda laka. Mutane suka buɗe masa hanya. Dattijon nan da ya ci goro da Alhaji yana nan, ya tsufa tukuf, a zaune yake a kan saiwar kuka. Ya tambaye ni da ido, wane ne wannan? Na ce, "Ɗan Alhaji Salifu ne, mai motar. Mumuni sunansa." Da gangan na faɗa, da ƙarfi kuma. Nan take dattijon ya zame daga kan saiwar ya durƙusa, sauran suka bi shi, suna tafa hannu a hankali irin gaisuwarsu ta girma. Wani mai jin Hausa a cikinsu ya ce, "Dattijo ya ce, yau ɗan ya zo da kansa." Su a ganinsu, saukowa ya yi don ya girmama alkawarin ubansa.

Mumuni ya tsaya a gaban matar. Ya buɗe baki, ya rufe. Wumbe ya juya kai ya tofar da jini, kaɗan ya rage ya taɓa takalminsa. Matar ba ta roƙe shi ba, kallonsa kawai take, gorar tana hannunta. Saman mota tsit, har Azumi. Can ya ce da wata ƙaramar murya, "Ku ɗauke shi."

Na ce, "Ban ji ba, Maigida."

Ya daka tsawa, "Na ce ku ɗauke shi!"

Na ce, "A saman kaya rana da girgiza za su ƙarasa shi. Sai kujerar gaba."

Kallon da ya yi mini a lokacin, na san aikina ya ƙare. Ya naɗe babbar rigarsa ya kama bodi ya hau, ya zauna a kan huhun goro a tsakiyar mata. Muka kwantar da Wumbe a kujerar gaba, kansa a cinyar matarsa. Azumi tana zagina tana miƙo zanenta ta taga a shimfiɗa masa, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da ni, tana kuma tambaya ko an ba shi ruwa. Mutanen ƙauyen suka taya ni juya mota a ƙuncin kwarin nan, muka koma inda muka fito.

A asibitin Yendi suka karɓe shi suka yi masa allura. Ba mu gama fitowa daga garin ba ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya, aka rufe shinge. Kafin a buɗe mu isa Bawku kasuwa ta ci ta watse, Mosi sun koma. Goron ya sha zafi ya sha jira, yadda aka taya haka aka sayar. Ba zan ɓoye muku ba, Mumuni ya yi asara mai nauyi. Azumi ma ta yi, ta daɗe ba ta amsa gaisuwata. Zuwa da dawowa Mumuni bai ce mini uffan ba.

Muna isa Salaga ya kira ni zaure. Ya ce, "Ajiye makulli." Na ajiye a kan buzunsa. Ya ce, "Ba asarar ce ta fi ci mini rai ba. Ka tsayar da ni a gaban mata da mutanen ƙauye kamar yaron goye."

Na ce, "Maigida, ni ban rufe maka baki ba. Kai ka kasa faɗa. Kuma wannan kasawar ita ce abu mafi kyau da na gani a wurinka tun da Alhaji ya rasu."

Ya ce, "Fita."

Na fita. Daga nan aka fara yi mini sintiri. Limamin unguwa ya zo, baffannin Mumuni suka zo, duk bakinsu ɗaya: je ka durƙusa ka ba shi haƙuri, jira yake, zai mayar da kai. Na ce haƙurin me? Matata Hawa ita ta fi matsa mini. Ta ce, "Malam, kalma ɗaya ce fa. Yaran nan tuwo suke ci, ba gaskiya ba." Maganarta ta soke ni, don ba ƙarya ta yi ba. Amma na san in na durƙusa, na yarda ke nan tsayawar laifi ce, kuma duk direban gidan zai ji cewa Isaka ma da taurin kansa ya tuba. Daga ranar ba mai ƙara taka birki don ƙyalle. Na ƙi. Hawa ta koma sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, ni da lasin a aljihu na koma ɗaukar huhu a ka ina yi wa motocin wasu lodi, waɗanda na koya wa tuƙi suna wuce ni suna kawar da kai. Na ji zafin wannan sosai, ba zan ce ban ji ba.

Ana cikin haka aka yi wa Mumuni haihuwa. Bikin suna a gidan Alhaji Salifu ba abin da zan ƙi zuwa ba ne, ko don darajar marigayi. Na je na zauna can gefe. Zango ya cika, malamai a gaba, direbobin gidan a jere kusa da bango. Aka yi addu'a aka raba goro, sai maroƙi ya miƙe. Ina jin abin da yake faɗa na ajiye goron da ke hannuna. Wai ɗan Alhaji Salifu, mai juya mota da dukiya saboda talaka, wanda ya bar kujerarsa ya hau saman kaya don ran manomin da bai san shi ba! Tabɗi! Ashe bakin Azumi ya baza labarin a kasuwanni, ya zagayo ya iso Salaga da sabuwar riga, shi kuma Mumuni ya karɓa ya saka. Ashe ya daɗe yana ba da shi a zaure. A labarin nasa babu Isaka, babu makulli, babu "wuce".

Na yunƙura zan tashi don fushi. Amadu Dogo ya matso ya riƙe mini gefen riga, ya ce, "Baba, don Allah ka bari." Na ce, "Sake ni, kai da ka wuce matar nan ba kai za ka riƙe ni ba." Na miƙe. Da yawa sun san an kore ni, kowa yana jiran tonon asiri. Na kalli Mumuni.

Na ce, "Jama'a, ni ne direban ranar, ni ne shaida. Da ƙafarsa ya sauka cikin laka. Da bakinsa ya ce a ɗauki mutumin. Da farar rigarsa ya hau saman kaya." Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Wuri ya ɗauka, masha Allah, masha Allah, maroƙi ya ƙara buɗe murya. Na ɗaga hannu ya yi shiru. Na ce, "To Maigida, ga malamai, ga direbobinka a zaune. Ashe ke nan ƙa'idar Alhaji ta dawo? Duk motar gidan nan da ta ga farin ƙyalle za ta tsaya?"

Mumuni ya dube ni, ya dubi malamai, ya dubi maroƙin da ya gama wasa shi yanzun nan. Ina zai bi? Ya ce, "Za ta tsaya."

Na ce, "A gafarce ni, ƙarar inji ta cinye mini kunne."

Ya ce, "Na ce za ta tsaya!"

Liman ya ɗaga hannu ya ce a shafa fatiha a kan wannan magana, aka shafa. Na ɗauki gorona na tafi gida.

Abin da na koya ke nan, ku da kuke aiki a ƙarƙashin masu mota ɗaya, mota biyu. Mai ƙaramin kasuwanci ba takarda yake bi ba, ba hukuma ce take sa shi kirki ba. Ido yake ji, suna yake so, kuma yawancinsu akwai tsoron Allah a ƙasan zuciyarsu, sai dai nisa yana rufe shi. Mutum yakan yanke muguwar magana cikin sauƙi in ba shi zai faɗe ta a fuskar wanda za ta kashe ba. Ba wa'azi nake ce muku ku yi wa iyayen gidanku ba, ba sa ji. Ku dai kada ku yarda ku zama bakin da zai faɗi abin da su ba za su iya faɗa ba.

Mumuni bai mayar da ni aiki ba, ni ma ban nema ba. Wani mai doya a nan Yendi ya ba ni mota, shi ya sa na kwaso iyalina muka dawo. Har Mumuni ya rasu yana ba da labarin nan babu sunana a ciki, kuma har ya rasu motarsa ba ta ƙara wuce ƙyalle ba, don wanda ake yi wa kirari da juya mota ba shi da bakin cewa wuce. Wasu suna cewa ya cuce ni. Oho, ya riƙe sunan, ni ba suna na tsaya nema a kwarin nan ba.

Wata damina bayan haka motar doyata ta nutse a Kuka-Biyu. Mutane suka fito da rassa kamar yadda suka saba. A cikinsu na hango Wumbe yana tahowa da ɗingishi, ƙafar ba ta koma daidai ba. Na leƙo na ce masa ya koma gindin kuka ya zauna, akwai masu turawa. Ko kallona bai yi ba. Ya zagaya ta gefena, daidai ƙofar direba, ya sa kafaɗa.